Mutumin Jikin Ƙyaure

Ni dai ban taɓa taka ƙofar gidan silima ba, amma babu fim ɗin da aka yi yayinsa a ƙuruciyarmu da ban san yadda ya ƙare ba. A tsakar gidanmu na Daura na kalle su duka, ina zaune bakin murhu, mutum ɗaya yana yi mini su. Mijina ke nan. Shi ne jarumin, shi ne bos, shi ne dokin kaboyi, in ta kama kuma shi ne 'yar Indiyar da ke leƙe daga bayan bishiya, da mayafina a kansa. In ya je kallo yau, gobe da la'asar yana rufe injin niƙansa zai shigo fari fat da ƙurar gari, kafin ma ya watsa ruwa ya fara. Muciyata ta yi aikin takobi, ta yi aikin bindiga, har wata rana ta karye a gadon bayan wani bos da babu shi. Da guntun muciya na tuƙa tuwon ranar, shi kuma ya sha mita har ya gode Allah.

Na Indiya don waƙa yake son su. Yana da kaset cike da kwali, ko kalma ɗaya ba ya ji a ciki, amma yana bin su tiryan-tiryan da wata Hausa da ya ƙaga musu, wadda yawancinta a kan miyata ce da rowar nama da wai nake yi. Ni ma sai na wayi gari ina rera su ina daka. Na Cainis kuwa don faɗa ne, ya dawo yana sarar iska da gefen hannu, kaji na watsewa. Amma waɗanda suka kama ransa su ne na ƙartin Turawan nan masu ƙwanji, da ake manna hotonsu a bangon silima ba riga, jiki na sheƙi kamar an shafe su da man gyaɗa. Tun yana saurayi ya tsaya gaban irin wannan hoton ya ce shi ma mutum ne, kuma duk abin da wancan ya ci ya zama haka bai fi fura ba. Ya samo dogon ƙarfe a wurin makanikai, ya cika manyan gwangwanaye da siminti ya kafa a kowane gefe, daga baya ya ƙara da ƙarfen giyar babbar mota. A bayan shagon injin suke taruwa shi da abokansa in an idar da asuba, suna ɗagawa suna nishi. Dattawan unguwa suka ce aikin banza ne, mai ƙarfi ai gona yake zuwa ko filin dambe. Shi kuwa ba ya dambe, a sanina bai taɓa marin kowa ba. So yake kawai ya ga iyakar abin da jikin da Allah Ya ba shi zai iya zama.

Kuma ya gani. Zan faɗa, tunda yanzu na tsufa babu mai rufe mini baki: ban taɓa ganin namiji mai kyan jiki irin nasa ba. Injin da wasu sai sun haɗu su biyu suke tayarwa, shi hannu ɗaya yake sa masa. Rigunansa duk sai tela ya ƙara musu ƙyalle a hammata. Zawarawan unguwa masu 'ya'yan aike har biyar sai ka ji sun ce yau da kansu za su kai niƙa, wai yara suna zubar da gari a hanya. Ina sane da kowaccensu, kuma har yau ban manta ba.

Wata shekara wani mai zanen bayan motoci ya sauka a garin, irin masu zana zaki da mikiya a jikin manyan motocin katako. Motar da yake wa aiki ta daɗe a gareji, sai ya riƙa zuwa kallon masu ɗaga ƙarfe, har ya ce wa maigidan ya tsaya ya zana shi. Babu allo babu takarda, sai ƙyauren shagon, na ƙarfe, faffaɗa, ya fi tsawon mutum. Maigidan ya yi ta tsaya masa da safe, da ɗan gajeren wando ja, hannuwa a ɗage a dunƙule yadda na bangon silima suke yi. Filin da ke bayansa shuɗi, ƙarƙashin ƙafarsa kore. Mai zanen ya so ya ƙara masa zaki a gefe, ya ce a bar zakin, shi kaɗai ya isa. Hoton kati kuwa bai taɓa ɗauka ba a rayuwarsa, yana cewa akwatin mai hoto ya yi masa kaɗan.

Ni na ga zanen ne ranar da za ni barka, na bi ta hanyar da ba tawa ba. Na tsaya daga nesa cikin lulluɓi ina kallo. Mai zanen bai yi ƙarya ba, bai kuma bar komai ba, har tabon da bel ɗin inji ya yi masa a cinyar hagu, mai lanƙwasa kamar lauje, rabi a waje rabi ya shige ƙarƙashin wandon. Da ya dawo gida na ce masa ya tona wa kansa asiri a bakin titi. Ya yi dariya ya ce asirin yana nan, tunda ni kaɗai na san inda tabon ya ƙare.

Yanzu sai in kawo maganar ɗana na fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasar nan, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zama su yi hira. Ni har na fi wasu tsanani, don kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, da kunyarta aka raine ni. Ana yaye shi ƙanwar mijina ta goya shi ta tafi da shi Sandamu inda take aure, don Allah bai ba ta haihuwa ba. A can ya tashi, gwaggonsa ce uwarsa. In ya zo da salla sai in aika masa abinci ta hannun ƙannensa, in yana magana in duƙar da kai ina tsintar shinkafa ko da babu tsakuwa a ciki. Uban ma haka, yaron na shigowa shi yana fita, cikin babbar rigar idi. Babu wanda ya ga laifinmu, yabonmu ma ake yi. Ina son yaron nan kamar raina, amma ban taɓa kallon fuskarsa na ƙoshi ba.

Ƙurar gari ba ta barin mai inji. Ta fara masa da tari da asuba, ta koma haki, ta bi ƙwanjin nan tana ci a hankali ina kallo. Sai da ya kasa tayar da injin da hannu biyu sannan aka aika Sandamu yaron ya dawo ya kama aikin. Lokacin ya zama saurayi, ya yi karatun addini sosai wurin malaman zamani, ga gemu ya fara fitowa, ga ɗangalallen wando. Uban da ya zo ya tarar, wanda ya zauna da shi har ya san shi, wani tsoho ne da bai kai tsufa ba, ƙasusuwan wuya a waje, sai an tallafe shi yake tashi zaune. Yaron shi ke ɗaukarsa zuwa bayan gida kamar ɗaurin kara, shi ke yi masa wanka, shi ke canja masa tufafi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi jinyar da ba kowane ɗa ke yi ba, Allah Ya saka masa. A hannunsa uban ya cika.

Bayan rasuwar da 'yan shekaru aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ni na yi murna, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka wani abu daban. Kabbara na yi a tsakar gida. Gidan giyar da ya hana mu sakat a bayan unguwa ya rufe, mazan wasu suka fara kwana a gida. Sai dai tare da alherin wani zazzaɓi ya kama samari, na goge-goge. Masu aski suka shafe kawunan da ke jikin allunansu. Mai shayi ya cire kalandarsa ta 'yan wasan Indiya. Gidan kallo ya koma wurin ajiye taki. Kwalin kaset ɗin maigidan na neme shi na rasa, da na cigita aka dawo mini da shi, an ɗora wa'azi a kan kowanne. Wa'azin ma ina saurare, ina ƙaruwa. Sai dai wani lokaci malam yakan gama zaren bai ƙare ba, sai 'yar Indiya ta ɗan leƙo da muryarta daga ƙarshe. Ba na kashewa sai ya tsaya da kansa.

Ana cikin haka wata safiya sai ga Gwaggo daga Sandamu, ba biki ba suna. Tun da na ga ta zauna tana ta gyara ɗaurin ɗankwali na san aiko ta aka yi, don yaron ba shi da hanyar yi mini magana sai ta bakinta.

"Matar Yaya," ta ce, "ɗanki ne ya turo ni."

"Ɗanki dai," na ce, yadda na saba.

"To ɗana. Ya ce abokansa na masallaci sun yi masa magana a kan ƙyauren nan. Kin san wani lokaci shi ke jan su salla, ga kuma ƙato ba riga a ƙofar sana'arsa. Ya sayi fenti. Ya ce a gaya miki don kada ki ji a bakin mutane."

"Shawara ce ko sanarwa?"

"Ke ma kin san yaran yanzu."

"Ki ce masa ban yarda ba."

Yana zaure yana jira. Haka Gwaggo ta yi ta safa da marwa tsakanin zauren da ɗakina, tana dafa gwiwa tana tsine wa ranar da ta yarda ta zo. Ta dawo ta ce ya ce hoton abu mai rai ne. Na ce na ji. Ta koma ta dawo ta ce ya ce daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, ga cinya a waje. Na ce ita ma na ji. A dawowa ta uku sai ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi kallona.

"Ya ce wai ba ma Yaya ba ne. Fuskar ce kawai aka ɗan kamanta, jikin na wani ɗan fim ne mai zanen ya kwafo daga bangon silima. Ya ce shi ya san jikin mahaifinsa, tunda shi ya ɗauke shi a hannu."

"Ke fa me kika ce masa? Ba yayanki ba ne?"

"Na ce masa Yaya ƙaƙƙarfa ne a da. Murmushi kawai ya yi."

Maganar hoto da maganar al'aura ba su taɓa ni ba, na malamai ne, su suka san su. Wannan ta ƙarshen ita ta soke ni. A nan na gane abin da ake shirin shafewa. Abokan ɗaga ƙarfen sun mutu ko sun tsufa, samarin unguwa duk abin da yaron ya ɗauka shi suka ɗauka. In fentin nan ya hau, mutumin da na aura ya ƙare a duniya, saura mai tarin nan da ake ɗauka zuwa bayan gida, shi ne za a ba jikokina labarinsa. Raina ya ɓaci ɓacin da bai yi ba ko ranar da aka fita da gawar.

Da Gwaggo ta ga abin ya fi ƙarfinta sai ta je ta ɗauko yayana, malamin zaure ne, tsoho mai sanyin hali wanda ba ya son ya ga ran kowa ya ɓaci. Ya zauna a kan buzunsa a rumfata, ya saurari kowa, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya kawo tasa maslahar. Ya ce a samu mai fenti ya sa wa hoton dogon wando har ƙasan gwiwa. Sannan a ja layi ɗaya a wuyansa, daga wannan gefe zuwa wancan, don in an raba kai da gangar jiki ya tashi daga siffar mai rai. A lokacin haka ake ta yi. Littattafan makarantar jikokina duk wanda ka buɗe, da ɗan makaranta da akuya da likita, kowa da layin biro a wuya.

"Wato a yanka shi ke nan, Malam," na ce.

"Ke dai ba ki raina abin faɗa. Layi ne kawai, da fenti."

"Malam, mutumin nan tari ya shaƙe shi shekara da shekaru a kan idona. Lafiyayyen wuya ɗaya ya rage masa a duniya, na jikin ƙyauren nan. Shi za ku sa wa wuƙa?"

Ya dubi carbinsa. Can ya ce shi dai abin da ya sani ya faɗa, Allah Ya ba mu haƙuri. Ashe ma wahalar banza ya sha, don da aka kai wa yaron maganar cewa ya yi wannan dabara ce irin ta mutanen da, shi gaba ɗaya zai shafe. A kan wannan kaɗai ni da ɗana muka yi daidai, duk mun ƙi layin.

Washegari da hantsi ina shara na lura ban ji ƙarar inji ba, alhali daga gidanmu ana jiyo ta. Na leƙa zaure, gwangwanin fentin da ke bayan ƙofa babu shi. Gwaggo ta ce in zauna ta je ta yi masa magana. Na ce ta yi zamanta, ƙafarta ta huta, aike ya ƙare. Na zura hijabi na fita, tsintsiyar ma sai a hanya na ga tana hannuna na yar. Tun rasuwar ban taka wajen shagon nan ba.

Na same shi a tsugune gaban ƙyauren, abokansa biyu na tsaye a kansa. Daga ƙasa ya fara. Koren nan ya tafi, ƙafafun sun tafi har idon sawu, fari fat. Sauran yana nan, rana da ruwan shekaru sun sa ya koɗe amma yana tsaye, hannuwa a ɗage. Na buɗe baki na kira sunan ɗana, sunan da tun ranar da aka raɗa masa ban taɓa furtawa ba. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗaya ya isa. Ya waiga yana neman mai kiran a bayana, don bai san yadda sunansa yake a bakina ba.

Na ratsa na tsaya tsakaninsa da ƙyauren. Abokan suka fara ja da baya, na ce su tsaya su ma su ji.

"Ka ce ba ubanka ba ne."

"Inna, ki koma gida, za mu yi magana."

"Yaushe muka taɓa yin magana ni da kai? Yau za mu fara. Dubi cinyarsa ta hagu."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, al'aura ce."

"Da hannunka ka wanke ta yana kwance. Ɗaga kai ka duba."

Ya ɗaga. Shekara da shekaru yana buɗe ƙyauren nan yana rufewa, ashe kullum kawar da ido yake yi, bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Na sa yatsa a kan tabon, ƙarfen da zafin rana.

"Wane ɗan fim ne bel ɗin injin nan ya yanka? Ka ga inda ya shige ƙarƙashin wando? Kai ka san inda ya ƙare, ni ma na sani. Mu biyu muka rage a duniya da muka sani."

Tsohuwa ta tsaya a bakin titi tana yi wa ɗanta na fari maganar cinyar mijinta. Da na waiga abokan nan babu ko ɗaya, kunyar da na ajiye ita ta kama su. Shi kuwa ya miƙe tsaye, buroshin a hannunsa, fenti na ɗiga a kan takalminsa bai sani ba. Ya daɗe yana kallo, daga tabon zuwa ƙirji zuwa damatsa. Ni kuma shi nake kallo, a fili, ba ta gefen ido ba. Ashe yana da ɗan baƙin tabo a ƙasan kunne, ni da na haife shi ban sani ba.

"Haka yake?" ya ce, da ƙyar na ji.

"Haka yake, har da ɗoriya."

Na ɗauka shi ke nan, amma ɗan ubansa ne, taurin kan nan ba daga ƙasa ya tsince shi ba.

"Inna, ko shi ne, hukuncin bai canja ba. Ba zan iya buɗe sana'ata kullum a ƙarƙashinsa ba."

"Ban ce ka canja hukunci ba. Shago naka ne, gadonka ne kai da ƙannenka. Ni kuma ranar rabo ko allura ban ɗauka ba, na ce ku riƙe. To yau na zo karɓar tumunin takabata, kuma ƙyauren nan nake so."

Ya ajiye buroshin a kan gwangwanin. Ya ce haƙƙina ne, ba zai hana ni ba. Da kansa ya je ya kira mai walda, ya tsaya aka cire, ya kama aka ɗora a kan amalanke. Shagon ya wuni a buɗe ba ƙofa.

Mai amalanken ya so ya kifa shi, na ce a'a. Ya kawo buhu zai rufa, na ce ba gawa muka ɗauko ba. Haka muka ratso unguwa da tsakar rana, mijina a kwance yana kallon sama da jan wandonsa, ni ina biye a baya ina taku ɗai-ɗai don kowa ya samu ya gani. Mata na leƙe ta kan katanga. Na ji wata ta ce tsohuwar nan ta fara ruɗewa, na juya na gaishe ta da kyau, don tana cikin masu kai niƙa da kansu a da. A gindin wata bedi wani tsoho yana kishingiɗe, ɗaya daga cikin abokan ɗaga ƙarfen, ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Da muka zo daidai da shi sai ya dafa sanda ya miƙe, ya tsaya har muka wuce. A nan ne hawaye ya zo mini.

A karkace aka shigar da shi ɗakina, sai da ya ɓantari bango. Na sa aka jingine shi yana fuskantar ƙofa. Malam ya zo da yamma ya tunatar da ni cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Na ce masa na ji, ban musa ba. Sallata a rumfa nake yi, karatuna ma a can. Ɗakin na kwana ne, kuma da wannan mutumin aka ɗaura mini aure in kwana ɗaki ɗaya, shi ma Malam yana wurin, shi ya karɓi sadakin. Ya girgiza kai ya ce tun ina ƙarama ba a kayar da ni a magana. Sauran kuwa tsakanina ne da Ubangijina, kuma ina roƙonSa gafara a kai kullum.

Tun daga ranar ɗana bai sake shiga ɗakina ba. Kowace safiya yana zuwa ya tsuguna a dokin ƙofa ya gaishe ni, kuma yanzu muna magana, don kunyar da ta fashe a bakin titi ba ta ɗinkuwa. Muna hirar gero da tsadar man inji da rigimar 'ya'yansa, shi a waje ni a ciki. 'Ya'yan kuwa suna shigowa abinsu, su tsaya gaban kakansu su ɗaga 'yan hannuwansu, bai taɓa hana su ba.

A daminar bara zazzaɓi ya kwantar da ni har aka fara kiran dangi. Ya wuni a tsugune a dokin ƙofar nan, yana miƙo magani iya tsawon hannunsa. Na ji ya ce, "Inna, ki bari a juya shi bango, in shigo in duba ki." Allah Ya sani na so ya shigo, na so in ji hannun nan da ya yi jinyar ubansa a goshina. Na ce ba za a juya shi ba. Ya ce to, ya ci gaba da tsugunonsa.

Da na samu sauƙi na ce masa ya kwantar da hankalinsa, abin ba mai daɗewa ba ne. Ranar da aka fitar da ni daga ɗakin nan ya yi yadda ya ga dama da ƙyauren, ya ƙarasa fentinsa ko ya ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, ba zan bi shi bashi ba. Kafin nan kuwa babu mai taɓa shi.

Ya ce Allah Ya ƙara nisan kwana. Da ya faɗa ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo, kuma ban tambaye shi wa yake nufi ba.